Ƙwallon Ƙusa: Wasa Ne Ko Caca?

Bara da hutun Kirsimati wani surukinmu da ke aiki a Kano ya kawo mana tsohuwar kwamfuta, irin mai ƙaton kai kamar talabijin na dā. Wurin aikinsu an sake sababbi, ita kuwa za a yar. Muka yi murna ƙwarai, gama mun gaji da kai tambayoyin jarrabawar yara shagon buga takardu, inda wani lokaci kafin takarda ta dawo makaranta rabin aji sun riga sun san abin da ke cikinta. Muka ajiye ta a zaure, muka lulluɓe ta da tsohon zane saboda ƙurar hunturu, muka ja wa yara kunne kada kowa ya taɓa.

Jan kunnen bai yi mako biyu ba. Ran nan mun dawo daga addu'ar yamma ta Laraba, an kawo wuta, sai muka ji ƙara daga zaure, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana sassaƙa turmi. Muka leƙa. Ga ɗanmu na fari, mai shekara 14, ya duƙufa yana dukan maɓallai biyu da iyakar ƙarfinsa, ƙannensa a bayansa suna ta sowa. A fuskar kwamfuta kuwa ga wani allo mai fitilu, ga ƙwallo kamar ƙwayar boris yana ta kai da kawowa, lambobi suna hawa a gefe. Maɓalli ɗaya, mai harafin Z, ya riga ya ɓalle yana ƙasa.

Ba za mu ɓoye muku ba, ya ku masu karatu. Muka zare wayar wuta, muka ɗauki tsumagiya. Muna dukansa muna cewa, "Caca a gidana? Caca?" Yaron bai gudu ba. Da muka gama ya share hawaye ya ce, "Baba, ai babu kuɗi a ciki." Wannan magana ta ƙara mana fushi, domin ba mu da amsarta.

Da dare, bayan yara sun kwanta, uwargida ta ce, "Malam, in tambaye ka mana. Yaya aka yi ka gane wasan nan tun daga bakin ƙofa, ba ka ko matsa kusa ba?"

To, asiri ya tonu. A shekara ta 2004, sa'ad da mu ke karatun difloma a Katsina, akwai wani shago inda a ke biyan kuɗi a zauna gaban kwamfuta na awa ɗaya. Da sunan koyon buga rubutu muka fara zuwa. Amma kowace kwamfuta mai Windows XP tana zuwa da wannan wasa a cikinta, sunansa Space Cadet, mu kuwa muka faɗa masa. Kuɗin abincin rana nawa ne ya tafi a can, Allah kaɗai ya sani. Abin kunya kuma shi ne ba mu ko iya ba. Yadda muka tarar da yaron nan yana yi, haka mu ke yi, duka ba ji ba gani har ƙwallaye uku su ƙare. Ashe rabin bulalar da muka yi masa, ta wancan saurayi ce na 2004.

Sauran rabin kuwa tsoro ne, tsoron kuma yana da dalili. Duk wanda ya zauna a bakin titi a Kankiya da yamma ya san abin da mu ke nufi. Samari sun kewaye teburin sunuka a gindin bedi, biyu suna wasa, na uku yana riƙe da kuɗin da suka aza. Waɗanda ba su nan kuma suna cikin wayar hannu, suna zuba kuɗi a kan ƙwallon ƙafar Ingila da Sifen. Muna da wani tsohon ɗalibi daga wani ƙauye a ƙasar Kusada, yaro mai kaifin kai, wanda ba a taɓa wuce shi a lissafi ba. Ya fara da naira ɗari. Daga nan akuyar uwarsa ta ɓace, daga baya buhun gero biyu suka fita rumbun ubansa da dare. Yanzu yana kudu, ba ya zuwa, ba ya aike. Uba da ya ga irin wannan, in ya hangi fitilu da lambobi masu hawa a gaban ɗansa, hannunsa ya kan riga kansa tunani.

Duk da haka maganar yaron ta hana mu barci. Babu kuɗi a ciki. To, mene ne caca? Kuɗin ne, ko kuwa irin wasan? Muka shiga bincike, sai muka tarar mutanen Amurka sun yi shekara 34 suna wannan gardama a kan wannan wasa ɗin.

Turawa suna ce da shi finbol, watau ƙwallon ƙusa. Kakansa wani wasa ne na Faransa mai suna bagatal, na ƙarni na 18: allo mai gangara, an kafa masa ƙusoshi, an yi masa ramuka, a tura ƙwallo da sanda ya hau, ya gangaro yana karo da ƙusoshi har ya faɗa wani rami. A 1871 wani mutum a Amurka, Montague Redgrave, ya yi rajistar dabarar harba ƙwallon da sanda mai sifirin. A 1931, lokacin da talauci ya game ƙasar, David Gottlieb na birnin Shikago ya fito da wani ƙaramin akwati mai suna Baffle Ball, wanda a ke jefa wa kwabo a yi wasa, aka kuwa saye shi dubbai. Amma ku lura, a waɗannan akwatuna na fari, da zarar ka saki ƙwallo aikinka ya ƙare, sai kallo. Waɗansu kuma har kuɗi su ke zubo wa wanda ya ci. Wannan kam caca ce, ba ta da wani suna.

A watan Janairu na 1942 magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya haramta wasan. 'Yan sanda suka bi kantuna suna kwashe akwatunan, aka farfasa su da guduma a gaban masu ɗaukar hoto. Ƙararsa ita ce suna cinye kuɗin abincin 'yan makaranta. Mu da muka ci namu kuɗin abincin a shagon Katsina ba mu da bakin musa masa.

Sai a 1947 kamfanin Gottlieb ya fito da wani akwati mai suna Humpty Dumpty, wanda a cikinsa aka sa waɗansu 'yan sanduna da mai wasa zai iya motsawa da maɓalli, su doki ƙwallo ya koma sama. Mu a gidanmu madukai mu ke ce da su. Na farin yana da guda shida, daga baya aka tsaya a kan biyu a gindin allo, da ɗan rata a tsakaninsu inda ƙwallo ke faɗawa. Wasa ya sake kama ɗungum, gama yanzu hannun mutum ya shiga ciki, amma doka ba ta sake ba. Sai a 1976 aka kawo wani saurayi marubuci, Roger Sharpe, gaban majalisar birnin Niyok. Ya yi wasa a gabansu yana faɗin abin da zai yi kafin ya yi. A ƙarshe ya nuna wata hanya a saman allo ya ce ta nan ƙwallo zai bi, ya ja sanda ya saki, ƙwallo kuwa ya bi ta nan. Majalisa ta ɗage dokar.

Labari ne mai daɗi, amma mu malaman lissafi ne, harbi ɗaya bai ishe mu shaida ba. Makaho ma ya kan jefa dutse ya sami tsuntsu. Muka ce bari mu gwada da kanmu, ta hanyar da mu ke koya wa yara a aji. In wasan sa'a ne, ko mutum ya yi shekara yana yi, matsakaicin makinsa ba zai tashi ba. In kuwa na gwaninta ne, koyo zai nuna a lambobi.

Kafin wannan akwai abin da ya fi lissafi wuya. Kun san yadda mu ke da ɗan fari a ƙasar nan, ko sunansa ba mu cika kama ba, balle a zauna a ba shi haƙuri. Muka kira shi zaure, muka daɗe muna gyaran murya, sa'an nan muka ce, "Ran nan na yi gaggawa. Ban tambaye ka ba na doke ka." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba kome, Baba." Muka miƙa masa sabon littafin rubutu, muka ce ya ja layi uku: rana, suna, maki. Muka sa ƙa'ida, rabin awa bayan an gama aikin gida da na makaranta, in akwai wuta. Maɓallin da ya ɓalle kuwa muka mayar da aikinsa kan wani harafi.

Abin da muka fara hana shi, muka hana kanmu kuma, shi ne ɗaga madukai biyu tare. Kowane sabon ɗan wasa haka ya ke yi. Ƙwallo ya nufo ƙasa, gabansa ya faɗi, sai ya danna duka biyu. A ganinsa ya rufe ƙofa ke nan, alhali kuwa buɗe ta ya yi, gama in sun tashi tare babu wanda ya rage a kwance da zai tari ƙwallo in ɗayan ya kuskure, sai ya sulale ta tsakiya. Ƙanwarsa ta karɓi aikin ƙirga wannan laifi da alli a jikin bango, da murna kuwa ta karɓa. A ranar farko ta ja wa wanta layi 31, ta ja wa ubanta fiye da haka.

Daga nan muka zo kan abin da mu a 2004 ba mu taɓa sani ba ko kaɗan, watau maduki yana iya riƙe ƙwallo. In ƙwallo yana gangarowa a hankali ta hanyar gefe, ka ɗaga maduki ka bar shi a sama, kada ka saki. Ƙwallo zai zo ya kwanta a kwarin da ke tsakanin gindin maduki da bango, ya tsaya cak. Ba agogon da ke korarka. Kana iya shan ruwa, ka duba allo, ka ga wace fitila ke walƙiya, ka shirya inda za ka aika shi. Ranar da yaron ya fara yin wannan, ya juyo ya dube mu baki buɗe, kamar wanda ya kama tsuntsu da hannu. Muka ce masa, "Kai da ka ke buga ƙwallo a filin makaranta, in an ba ka, ka kan tare tukuna ko kuwa ka kan ɗirka duk inda ƙafa ta kai?" Ya ce, "A kan tare, Baba." To, shi ke nan.

In ka riƙe, saura auna. A nan ne muka fi daɗewa, gama a nan ne maki ya ke. In ka saki maduki ya kwanta, ƙwallo zai fara gangarawa daga gindinsa zuwa bakinsa, inda ka doke shi a cikin wannan 'yar tafiya kuwa shi ne zai nuna inda zai nufa. Ɗauki madukin dama. In ka doka da wuri, ƙwallo yana kusa da gindi, zai miƙe sama ko ya ɗan karkata dama. In ka bari ya kai tsakiya, zai ratsa allo ya nufi hagu. In ka bari ya kai baki, zai tafi can ƙuryar hagu. In ka ƙara jinkiri kaɗan, ya faɗa rami, ka yi asara. Madukin hagu kuma haka, sai dai a juye. Duk wannan tazara ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, a akwati na ainihi maduki inci uku ne kawai. Muka ɗauki rula da ƙwayar boris muka nuna masa a kan tebur har ya gane dalili.

A allon Space Cadet akwai wata gada a gefen hagu wadda ƙwallo ke hawa. Muka ce ya manta da maki, ya manta da kome, mako guda ba abin da zai nema sai gadar nan daga madukin dama. In ƙwallo ya bugi dama da bakin gada, ya yi sauri, sai ya ƙara jira kaɗan. In ya bugi hagu da ita, ya makara. Kowane kuskure yana faɗa maka ta inda ka kauce, in dai ka tsaya ka duba. Yaran ƙauye masu harbin kurciya da danƙo sun san wannan ba tare da malami ba: dutse ya bi ta ƙasa, sai a ɗaga hannu kaɗan. Wanda ya ke duka barkatai kuwa ba shi da abin gyarawa, domin tun fari bai nufi ko'ina ba.

Akwai wata dabara da ta fi kowace wuya, ita ce kada ka yi kome. In ƙwallo ya taho daga sama zai sauka a tsakiyar maduki, ba da gudu ƙwarai ba, ka bar madukin a kwance. Ƙwallo zai yi tsalle a kansa ya haye zuwa ɗaya madukin, ƙarfinsa ya ragu, sai ka ɗaga wancan ka riƙe shi. Faɗi da sauƙi. Amma ido yana ganin ƙwallo ya nufo rami, zuciya tana cewa doka, yatsa kuwa ya riga ya danna kafin ka yi shawara. Yaron ya koye ta cikin kwana huɗu. Mu mun fi mako uku, har yau kuma in hankalinmu ya rabu, yatsa ya kan ci amanarmu. Uwargida, wadda ta ke jin wannan bayani daga bakin murhu, ta ce, "Malam, da ka koyi wannan dabara kafin ran Laraba, da tsumagiya ta huta." Ba mu tanka ba. Ba kullum dabarar ke ci ba, in ƙwallo zai sauka daf da baki ko daf da gindi, tsallen ba zai kai ba, sanin lokacin da za a yi ta shi ne rabin iyawa.

Wata kuma mun ɗauko misalinta daga masu sauke kankana a mota. Ku duba yadda mai cafewa ya ke yi, ba ya tsayar da hannu ƙiƙam, ya kan bi kankana ƙasa kaɗan domin kada ta fashe. Haka a nan, ka riƙe maduki a sama, daidai lokacin da ƙwallo zai taɓa shi ka sake shi ya kwanta, sai ƙarfin ƙwallo ya mutu, ya zama naka. Wannan kam ta gwanaye ce, mu sau ɗaya ɗaya ta ke yi mana.

Bayan hannu sai kai. Mun lura ƙwallo mai tafiya sama da ƙasa ba shi da haɗari kamar mai tafiya dama da hagu. A bisa kowane maduki akwai wani abu mai kusurwa uku da ke tunkuɗe ƙwallo in ya taɓa shi, in kuwa suka fara jefa wa juna shi, ƙarshensa hanyar gefe ce wadda maduki ba ya kaiwa. Saboda haka ba kowane abu mai walƙiya ne a ke nema ba. Wani wurin makinsa da yawa, amma in ka kuskure ƙwallo zai dawo maka ta tsakiya kamar kibiya. Gara wurin da makinsa kaɗan ne amma ya kan dawo maka da ƙwallo a hannu. Wasan kuma yana da ayyuka da ya ke ba mai wasa, a rubuce a gefen allo, ka bugi wuri kaza sau kaza, in ka gama a ƙara maka girma kamar soja. Babban maki a nan ya ke. Mu a dā ba mu taɓa ko karanta rubutun ba.

Saura girgiza. A akwati na ainihi, mai ƙafa huɗu da murfin gilashi, an yarda mai wasa ya ɗan ture shi da hannu domin ya kauda ƙwallo daga rami. Amma tun cikin shekarun 1930 masu ƙera shi suka rataye wani ƙarfe a ciki, kamar ma'aunin magina, a tsakiyar zobe. In ka girgiza fiye da kima ƙarfe ya taɓa zobe, madukai su mutu, ƙwallonka ya tafi kana kallo. A kwamfuta ma an sa maɓallan yin haka, da horonsu. Uwargida ta ce wannan ai maguɗi ne. Mu muka ce abin da ƙa'ida ta yarda da shi a fili, ta kuma sa masa iyaka da alƙali, ba maguɗi ba ne. Ba mu daidaita ba har yanzu.

Bayan mako shida muka buɗe littafi muka yi lissafi. A makon fari matsakaicin yaron bai kai 700,000 ba. A na shida ya wuce 3,000,000. Namu ma ya tashi, ko da ya ke ba za mu rubuta shi a nan ba. Sa'a ba ta fita ba sarai, gama akwai ƙwallon da zai sauko ta tsakiya sumul, ko wane ne kai ba ka taɓa shi. Amma wannan ƙwallo ɗaya ne cikin da yawa, sauran suna hannunka. A gidan caca kuwa mai gida ya riga ya cire rabonsa a cikin lissafi tun kafin ka sa kuɗinka, shi ya sa tsohon ɗalibinmu, da duk kaifin kansa, bai taɓa ganin nasa littafin ya tashi ba.

Da muka ga haka sai zumuɗi ya kama mu, irin na malamai. Muka ce ai wannan darasi ne na kusurwa da gangara, me zai hana mu yi na katako domin 'yan aji shida? Wani kafinta ya yanka mana falanki mai tsawon mita ɗaya, muka kafa ƙusoshi, muka ɗaura musu robar tsohon tiyub na keke, muka sassaƙa madukai biyu, muka samo boris wurin mai gyaran babur. Da fari muka tokare kansa da bulo biyu, ƙwallo ya riƙa zubowa kamar ruwan indararo, ba mai iya riƙe shi. Akwatunan zamani gangararsu digiri shida da rabi ce. Muka ba yara su lissafa, suka samu cewa allo mai mita ɗaya za a ɗaga kansa wajen santimita 11 ne kurum. Da aka gyara, wasa ya zauna. Wani abu da ba mu zata ba, 'yan mata ne suka fara iya riƙo da jira, watakila domin hannun da ya saba da carafke ya san lokacin cafewa.

Ana cikin haka sai aka yi taron Ekklesiya a wurinmu, baƙi suka zo daga ƙauyuka. A cikinsu akwai wani dattijo daga ƙasar Kusada, manomi, wanda tun muna yara mu ke durƙusa masa. Shi ne kuma kawun yaron nan da ya tafi kudu. Ya ga yara sun yi cincirindo a bakin aji, ya matsa, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ce, "Malam, ashe abin da ya raba mu da ɗanmu, shi ne ka kawo cikin makaranta?"

Muka ce, "Baba, a gafarce ni, wannan dabam ne. Bari in nuna maka." Muka ba shi labarin Niyok a taƙaice, muka nuna wata hanya tsakanin ƙusoshi a hagu muka ce, "Ta nan zai bi." Muka riƙe boris, muka saki, muka doka. Ya bugi ƙusa, ya dawo ta tsakiya, ya faɗa. Yara suka tuntsire da dariya. Muka kira ɗanmu, kunya ta ishe mu. Ya gaishe da dattijo, ya durƙusa gaban allo, ya gwada sau uku, biyu suka bi ta inda aka nuna.

Dattijo ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na ga akwai hannu a ciki, ban musa ba. Wannan ba irin ta 'yan wala-wala ba ce. Amma Malam, dara ma hannu ce, dambe ma hannu ne. Wanne ne ba a ci kuɗin mutum a kansa ba?" Muka buɗe baki, muka rasa ta cewa, karo na biyu ke nan a kan wasan nan.

Ba a yi wata guda ba maganarsa ta tabbata. Wata uwa ta zo ta ce ɗanta na aji huɗu kullum yana dawowa da yunwa, ga shi tana ba shi kuɗin tara. Muka bincika. Ashe wani yaro na aji shida, wanda ya fi kowa iya riƙo da auna, ya kan ja ƙanana bayan aji su aza naira hamsin hamsin, ya cinye. Littafinmu ya nuna gaskiya, wasan na gwaninta ne, amma gwanintar ce ta zama wuƙar yankan ƙanana, gama shi ya san zai ci, su kuwa suna tsammani sa'a za ta zo musu. Wannan lissafi bai shiga layi ukun da muka ja ba.

A wannan karo ba mu fara da tsumagiya ba. Muka zauna da yaron da ubansa, aka ƙirga abin da ya ci, aka mayar wa kowa nasa. Muka yi shawara da sauran malamai ko a ƙone allon. Biyu suka ce a ƙone, mu muka roƙa a bar shi. Abin da aka tsaya a kai shi ne a kulle shi a ofis, ba ya fita sai ran Alhamis bayan an tashi, malami yana zaune, kowane maki kuma a rubuta a littafi. Yaron nan gwani aka ɗora masa koya wa 'yan aji huɗu riƙo da auna, waɗanda ya ci kuɗinsu su ne na fari. Ko hakan ya isa, muna dai sa ido. A gida kuma ƙa'idar rabin awa tana nan, kwamfuta kuwa ba ta barin zaure inda kowa ke wucewa.

Bana da godiyar kaka dattijon ya sake zuwa. Muka same shi bayan sujada muka faɗa masa duk abin da ya faru, ba mu rage kome ba. Muna jira ya ce ai ya faɗa, bai ce ba. Ya tambayi ko an mayar wa yaran kuɗinsu, muka ce an mayar. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a buɗe ofis ya ga allon. Aka ɗauko. Ya ajiye sandarsa, ya sa manyan yatsunsa na noma a kan madukai, aka saki boris. Da ya nufo ƙasa, sai dattijo ya ɗaga duka biyu tare, boris ya wuce ta tsakiya sululu.

Ɗanmu ya matsa kusa ya ce a hankali, "Baba, ɗaya ɗaya a ke ɗagawa."

Dattijo ya dube shi, ya dubi allo. Ya ce a miƙo masa boris ɗin, a kuma jawo masa kujera.